Nasiha da Alhaki: Daga Wusasa zuwa Dajin Birnin Gwari

A watan Nuwamba na 1924 ba wanda zai yi zaton dajin Birnin Gwari zai zama abin tsoro, amma shekara ɗari bayan haka, watau a Nuwamba na 2024, Gwamna Uba Sani ya je garin ya karɓi waɗansu 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makamai, aka kuma sake buɗe karar shanu wadda ta daɗe a rufe. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, yana cikin wuraren da suka fake. To, sulhu ya bar wata tambaya mai nauyi: wanda ya ce ya tuba, me ya rage a wuyansa? Mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne, amma Kiristan lardin Zazzau ma suna da tsohuwar amsa, wadda ya kamata malamai su san asalinta.

Likita Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna birnin Zariya tun 1905. Da yake Turawan mulki sun hana wa'azi a fili cikin ƙasashen sarakunan Musulmi, sai aikinsa ya koma ɗakin magani da makaranta da zama da mutum ɗaya ɗaya. Wajen 1913 waɗansu Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi, suka neme shi, aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya watsa shi cikin 'yan shekaru. A 1929 mishan ya ƙaura zuwa Wusasa, a 1932 kuwa Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Wanda ya shiga addinin a wancan zamani sau da yawa shi kaɗai yake shiga, ba da danginsa ba, don haka nasihar da ake yi masa ta tsaya a kan cewa kowa shi zai amsa abin da ya zaɓa.

Tushen wannan koyarwa yana cikin littafin. Babi na 18 na Ezekiyel ya nuna ba a kama ɗa da laifin uba, labarin Zakka kuwa, a Luka 19, ya nuna mai karɓar haraji wanda ya tuba ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace ninki huɗu. Bahaushe bai ji wannan baƙo ba, gama tun dā yakan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

An gwada koyarwar a Kaduna. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, sa'ad da yake jagoran samari masu faɗa. A 1995 ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya yi rashin 'yan'uwa da malaminsa a rikicin, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Abin lura shi ne kowannensu ya faɗi nasa laifin a bainar jama'a.

Nan ne darasin Birnin Gwari yake. Gwamnati tana iya yin afuwa, amma ba ta iya yafe haƙƙin manomin da ya sayar da gonarsa don biyan fansa. Mai nasiha, fasto ne ko liman, idan ya matsa wa wanda aka zalunta ya yafe, bai matsa wa azzalumi ya amsa laifinsa ya mayar da abin da zai iya ba, lalle ya ɗora kayan duka a kan wanda ya riga ya gaji.