Inuwar giginya: tarihin sassaucin doka a ƙasar Bengu da Gaya



Tun da aka rufe kadarkon Gaya a 2023, da wuya a zauna hira a Bengu a tashi ba a kawo maganar nan ba: don me hukuma ba za ta ware mu mutanen bakin iyaka ta sassauta mana doka ba, ko kasuwanninmu sa farfaɗo? Maganar tana kan hanya. Sai dai ba yau aka fara ba. An taɓa sassauta mana, an taɓa sassauta wa maƙwabtanmu, kuma ba kowane sassauci ne ya kawo hatsi cikin rumbunmu ba.

Kakanninmu ba su san iyaka a nan ba. Gishirin Foga suke dafawa, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro su ratsa ta ƙasar Dandi su ƙetare kogi. Baturen nan Barth ya bi ta kwarin Foga a 1853, ya ga masu dafa gishiri, ya rubuta labarinsu. Daga baya Faransa da Ingila suka zauna a 1898, suka sake gyarawa a 1906, suka ja layi: Kamba ta faɗa hannun Ingilishi, Gaya da Bengu hannun Faransi. Daga ranar duk dokar da za ta hau kanmu daga nesa take zuwa, kuma ba mu kaɗai ake dubawa wajen rubuta ta ba.

Giginya ce ta fi nuna wannan. A 1935 Faransa ta fitar da dokar daji ga dukan ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, ta sa giginya cikin itatuwan da ba a taɓawa sai da izini. Da aka samu mulkin kai, dokar dajin 1974 ta bi sawun ta Turawa. A takarda abin ya yi kyau, wa zai ƙi a kare itace? A gona kuwa wani abu ne daban. Giginyar da ta tsiro a gonar ubanka, ka yi mata shinge, ka hana awaki, ta shekara talatin ko arba'in, ranar da ta isa azara ba taka ba ce. Mai takardar izini ne zai zo daga birni ya sare, a loda a mota, a tafi da ita rufin gidajen Dosso da Yamai, don kowa ya san azarar giginya namiji gara ba ta cin ta da sauƙi. Kai kuwa in ka sari ɗaya don gyaran ɗakinka, sai tara. Dattawa suna cewa: "Itace ga gonarka, amma anka ce na gwamnati ne, to mi za ya sa ka raine shi?" Abin da ya biyo baya ke nan. Manomi ya ga ƙaramar giginya ta fito, ya sa hauya ya kashe ta tun ba ta zama masa rigima ba. 'Ya'yan da suka faɗo a kwashe su duka a binne don muruci, ba a barin na gobe. Ga fari na 1973 da na 1984 sun zo sun ƙara. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, mu dai mun ga haka da idonmu, ba karin magana ba.

Sauyin ya zo ne a 1992, bayan babban taron ƙasa. A watan Agusta na shekarar aka yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara. Ma'anarta a taƙaice: ƙauyen da ya kafa kwamiti, aka shata masa dajinsa, aka ƙayyade abin da za a sara a shekara, to shi ke da ikon sara da sayarwa, ba baƙo mai takarda ba. Harajin ma a wurin ake karɓa a raba, kuma gwargwadon yadda ƙauye ya tsara dajinsa, gwargwadon kason da zai rage a hannunsa. Don itacen girki na manyan birane aka fara yin dokar, amma a cikin shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwis wadda ta daɗe tana aiki a yankin Gaya, aka ɗora kula da giginyar Dallol Mauri da ta bakin kogi a kan irin wannan tsari. Dokar ƙasa ba ta canza ba, giginya tana nan cikin itatuwan da aka kare. Ƙofa kawai aka buɗe wa ƙauyukan da ke zaune cikinta.

Ba mu ce komai ya tafi daidai ba. An yi kwamitocin da asusunsu ya yi ƙafa, an yi rigima tsakanin masu gona da masu kiwo, kuma da masu tallafi suka janye, wasu wuraren sun yi sanyi. Amma duk wanda ya san gonakin nan da da yanzu ya san an koma barin ƙananan giginyoyi su tashi, har ana shuka ƙwallon da hannu. Mutum ya san in ta girma yana da rabo, shi ke nan sirrin.

To ga wani sassaucin na dabam, wanda ya fi wancan kuɗi nesa ba kusa ba. An gina kadarkon Gaya da Malanbil a 1958, kayan tashar jirgin ruwan Kwatano suka riƙa biyowa ta nan. Da Najeriya ta shiga hana shigo da kaya, shinkafa a 1985, alkama a 1987, ga gwanjo da yadi da ta daɗe tana takurawa, sai Nijar ta samu hanya: kaya su shigo da sunan masu wucewa ne, a biya harajin sake fitarwa na musamman maimakon cikakken kuɗin duwan, a sauke a manyan ɗakunan ajiya na Gaya, daga nan su san yadda za su kai Kamba. Gaya ta cika ta batse, baitulmali ya samu, 'yan dako da 'yan kabu-kabu sun samu na cefane. Amma takardar a hannun wa take? A hannun manyan 'yan kasuwa masu jarin cika kwantena, da yawansu ma zuwa suka yi saboda harkar. Mai rake da mai dankali na Bengu ba abin da aka sassauta masa. Kuma arzikin a kan dokar wata ƙasa ya jingina: ranar da Abuja ta sauya ra'ayi, ranar ɗakunan ajiya ke yin shiru.

Mun ga haka a watan Agusta na 2019 da Shugaba Buhari ya rufe iyakokin ƙasa. A watan Nuwamba kwastan ta ƙara da hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Don 'yan fasa-ƙwauri aka yi dokar, amma 'yan uwanmu na Kamba da ba su taɓa ƙetarawa da jarka ba su ma sai da suka ɗanɗana: injin niƙa, injin ban ruwa, motar asibiti, duk mai suke sha. Da kuka ya yi yawa, a watan Maris na 2020 aka fitar da jerin gidajen mai 66 a faɗin iyakokin Najeriya aka ce a ba su. An ɗan samu sauƙi, ba musu. Amma sassaucin na masu suna cikin jerin ne, sauran kuwa sai su bi layi a ƙofarsu. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020 ba a haɗa da Kamba ba, sai a Afrilun 2022.

Ita Maigatarin ma abin dubawa ce. Tun 2000 aka kafa mata yankin ciniki marar haraji, aka yi katanga da rumfuna, amma har yau kasuwar dabbobinta ta ranar Alhamis ta fi shi suna. A Japan kuwa, dokar da suka yi a 2002 ta juya abin ne: gari ko gunduma ke rubutawa ta ce ga doka kaza da ta tare mana hanya, a ɗage mana ita mu gwada; in an ga amfani sai a bai wa ƙasa duka. Ba katanga, ba ginin komai. Wannan ya fi kama da abin da aka yi mana kan giginya.

Yanzu ga mu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO ta sa takunkumi, aka datse kadarko. Ta ɗage a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata gefen a Maris, Yamai ta bar na Benin a rufe bisa dalilin tsaro, manyan motoci suka koma biyowa ta Lome da Burkina. Ba mu da ta cewa kan tsaro, masu abin sun fi mu sani. Abin da muka sani shi ne buhun da ke hayewa a mota ya koma hayewa a kwalekwale, kowane hannu da ya taɓa shi sai ya ƙara masa kuɗi, kuma an yi asarar rayuka a ruwa.

Saboda haka in wakilanmu da sarakunanmu za su kai kuka, muna ganin kada su tsaya ga "a sassauta wa Gaya". A faɗi dokar da ake nufi, a faɗi wanda zai riƙe takardar. Mu abin da muke so a fara da shi ƙarami ne: mazaunin Bengu, Bana, Tunuga ko Yelu, da shaidar magajin garinsa, ya wuce da abin da gonarsa ta ba shi, rake, rogo, dankali, muruci, daidai ɗaukar kai ko amalanke, zuwa kasuwar da ke kusa da shi ko da tana ƙetaren layi, a rubuta a littafi a bakin hanya, ɗan abin da za a biya kuma a san kason da zai rage a asusun garin. Waɗanda suka riƙe littattafan kwamitocin giginya suna nan da ransu a ƙauyukanmu, sun san inda tsarin ya yi kyau da inda ya yoye. A kira su zaman tun kafin a rubuta takardar.