Tafkin Toba da ganuwar da ta tsare shi

Kimanin shekaru 74,000 da suka wuce, wani dutse mai aman wuta ya fashe a arewacin tsibirin Sumatra, cikin Indonesiya ta yau. Ruwan sama da ƙoramu suka cika wawakeken ramin da ya bari, ya zama Tafkin Toba. Tsawonsa ya kai kilomita 100, zurfinsa ya haura mita 500, tsaunuka sun yi masa zobe.

Tsaunukan nan su suka zame wa mutanen Batak ganuwa. Turawan Holan sun daɗe a gaɓar Sumatra suna jin labarin tafkin, amma sai a 1853 ɗayansu, Van der Tuuk, ya iso bakinsa. Masanin harshe ne, nahawun Batak ya zo nema. Sai dai hanyar da alƙalami ya bi, bindiga ba ta ɓata a cikinta. A 1878 sojojin Holan suka ƙona Bakkara, mazaunin sarki Sisingamangaraja na 12 a bakin ruwan. Sarkin ya ƙi miƙa wuya, ya yi ta fafatawa daga dazuzzuka kusan shekara 30, har aka kashe shi a watan Yunin 1907.

Ko Samosir, da yau ake kira tsibiri a tsakiyar tafkin, a da da ƙafa ake shiga ta wani siririn wuyan ƙasa a Pangururan. 'Yan mulkin mallaka ne suka sa talakawa suka haƙa mashigin ruwa a wurin, a farkon ƙarni na 20.