Tsohon Turancin Adlington da Latin ɗin Apuleius

Apuleius mutumin Madauros ne, a ƙasar Aljeriya ta yau, kuma a ƙarni na 2 miladiyya ya rubuta labarin Lucius, saurayin da sihiri ya mai da shi jaki. Shi ne kaɗai dogon ƙagaggen labari na Latin da ya iso mana cikakke. William Adlington ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1566, kuma fassarar ta yi dogon zamani, domin ita Stephen Gaselee ya gyara wa jerin littattafan Loeb a 1915, ba a sauya ta ba sai 1989, da fassarar J. Arthur Hanson.

Wanda ya buɗe tsohon bugu, rubutun ne zai fara tare shi. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ƙa'idar rubutu ba ta zauna ba. Ƙamus ɗin Samuel Johnson ma sai 1755 ya fito. Haruffan u da v suna musayar gurbi, haka i da j. Ana liƙa e a ƙarshen kalma, kamar booke da asse, kuma masu jera haruffa a maɗaba'a kan ƙara harafi ko su rage don layi ya cika. Ga kuma thou da thee, da aikatau mai ƙarewa da eth.

Nan mai karatun yau yake ruɗewa, ya ɗauka tsufan nan na Apuleius ne. A kunnen mutanen 1566 Turancin Adlington bai tsufa ba, harshen zamaninsu ne. Shi kuwa Apuleius da gangan yake tono kalmomin da aka daina ji, irin na tsohon marubuci Plautus, kamar yadda marubutan zamaninsa irin su Fronto suke sha'awa. Sannan ya gauraya su da kalmomin da ya ƙirƙira da kansa, da jimloli masu amsa-amo. Tsufansa yana zuwa ne a gurbin da ya zaɓa. Na Adlington shekaru ne suka shafa shi a kowane layi bai ɗaya, har ba a gane inda marubucin ya yi ado da inda ya yi magana sak.

Robert Graves ya wanke komai a fassararsa ta 1950 da Turanci mai sauƙi, adon ya tafi da shi.

A ganina, Adlington shaida ce mai daraja kan Ingilishin ƙarni na 16. Mai neman salon Apuleius kuwa, ya nemi Latin ɗin, ko fassarar da ta bi shi kalma da kalma.