Yadda Motar da Ba Ta Ruri Ta Ɓace, Ta Kuma Dawo

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan yammacin Zamfara, kamar Abare ta ƙasar Anka ko maƙwabtanta na Bukkuyum da Gummi, ya san a can da kunne ake fara sanin mota kafin ido ya gan ta, domin tun tana bayan tudu yara sun rarrabe akori-kurar ranar kasuwa da babbar motar da ta zo ɗaukar hatsi, kuma makanike na ƙwarai, idan aka kawo masa mota mai ciwo, ba ya taɓa sifana sai ya ce a tayar da ita ya saurara. Saboda haka idan aka gaya wa waɗannan bayin Allah cewa yau akwai motar lantarki wadda ba ta ruri, kuma ma'abota sha'awar mota suna zuba dukiya su saye ta, ba laifi ba ne su ce, to me ya rage na daɗi a cikinta?

Haƙiƙa motar lantarki ba baƙuwa ba ce. A 1859 wani masani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙago batirin dalma wanda ake iya sake cika shi, kuma a 1899 Camille Jenatzy, mutumin Beljiyam, ya zama na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a awa bisa mota, alhali motar tasa ta lantarki ce. A wajejen 1900 kimanin sulusin motocin Amurka da batir suke tafiya, domin motar fetur ta wancan zamani, ban da hayaƙi da wari da jijjiga da firgita dawaki, ba ta tashi sai an juya ta da ƙarfe a gaba, ƙarfen kuwa idan ya kufce yakan karya hannun mai juyawa. Ƙara a lokacin aibi ce tsantsa, har ma uwargidan Henry Ford, Clara, motar lantarki take hawa, mijinta kuwa yana can yana cika duniya da ta fetur.

Abubuwa suka taru suka kayar da ita. An haƙo mai mai yawa a Texas tun 1901, Ford ya fito da Model T a 1908 da araha, sannan a 1912 Charles Kettering ya sa wa Cadillac ɗan injin lantarki mai tayar da mota, wanda ya raba mutane da wahalar juya ƙarfe. Batirin dalma kuwa yana nan da nauyinsa da gajeren zangonsa. Kafin 1930 motar lantarki ta kusa ɓacewa daga tituna.

Daga nan ne al'ada ta yi aikinta, ita kuwa al'ada idan ta daɗe takan mayar da aibi ado. Rurin inji ba kome ba ne face amon fetur da ke fashewa a cikin silinda sau dubbai a minti ɗaya, kuma ƙasa da sulusin ƙarfin man ne yake isa ga taya, saura ya tafi a zafi da hayaƙi. Amma da yake shekara da shekaru ba a ga ƙarfi ba sai tare da ƙara, sai zukata suka ɗaura musu aure, har direba ya koyi sauya giya da kunne, masu tsere suka riƙa gane Ferrari da muryarta, direbobinmu na tasha suka haddace muryar Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, samari kuma suka shiga fasa salansar babur don unguwa ta san sun iso.

Sai dai akwai wata ƙara guda da masana'antu ba su taɓa so ba, wato ƙwanƙwasar da inji ke yi idan mai ya kama wuta ba bisa ƙa'ida ba, kuma maganin da suka samo mata ya cancanci mutumin Anka ya tsaya a kansa. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa sinadarin dalma kaɗan a cikin fetur yana kashe wannan ƙwanƙwasa. A 1923 aka fara sayar da shi, a 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway ta New Jersey, amma duk da wannan ishara aka ci gaba da watsa dalma a iskar birane, ba a daina sayar da irin wannan fetur a duniya ba sai 2021, da Aljeriya ta ƙarar da nata. Mutanen Abare ba sa bukatar a yi musu sharhin gubar dalma. A 2010 Likitocin Na Gari Na Kowa suka gano cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, da injinan niƙan hatsi, ita ce sababin mutuwar yara a Abare da Dareta da Sunke da 'Yargalma da wasu ƙauyuka, ibtila'in da ya ci rayukan yara kimanin 400, har sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Ba daga fetur tasu dalmar ta fito ba, amma gubar ɗaya ce, kuma inda ta fi ɓarna ɗaya ne, wato ƙwaƙwalwar ƙananan yara.

Abin da ya dawo da motar lantarki shi ne batirin litiyom, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, ya fi na dalma sauƙin nauyi da yawan ajiyar wuta nesa ba kusa ba. Tesla ta fito da Roadster a 2008, Nissan Leaf da Chevrolet Volt suka biyo a 2010, kuma abin alfahari ne cewa Jelani Aliyu, Basakkwace, shi ya zana siffar Volt ta farko da aka nuna a 2007.

To, me masu sha'awa suka samu a cikinta? Babban abin shi ne biyayya. Injin fetur sai ya ɗauki zafi, ya hau juyi, an taka kuloci an sauya giya, kafin ya ba da iyakar ƙarfinsa. Na lantarki kuwa yana ba da shi tun daga tsaye, ta yadda da zarar ƙafa ta taɓa totur sai bayan direba ya manne da kujera, ba jinkiri, ba tsinkewa tsakanin giya da giya, kamar ingarman da ya san nufin mahayinsa tun kafin a ja linzami. Batirin kuma, da yake a shimfiɗe yake a ƙarƙashin mota, nauyinsa yana danne ta ga ƙasa, sai ta sha kwana ba tare da karkata ba. Idan aka ɗaga ƙafa injin da kansa yake rage gudu ya mayar da wutar cikin batir, birki ya huta. Shirun ma suna lissafa shi cikin ni'ima, domin da rurin ya kau sai kunne ya fara jin abin da yake ɓoye a dā, wato taya bisa kwalta, da iska, da lokacin da roba ta fara zamewa, waɗanda su ne labarin gaskiya da direba yake bukata.

Ba a yi ijma'i a kan wannan ba. Wasu sun ce mota marar murya jiki ce ba rai, kuma don neman yardarsu BMW ta ɗauki mai tsara kiɗa Hans Zimmer ya tsara mata amo, Hyundai kuma ta sa wa Ioniq 5 N rurin ƙarya da sauyin giyar ƙarya. A ganina wannan yaudarar kai ce, ko da yake ba ta cutar da kowa. Hujjar da ta fi nauyi ta makafi ce da masu tafiya a ƙasa, wadda ta sa Tarayyar Turai ta wajabta, daga Yulin 2019, sababbin samfurin motocin lantarki su riƙa fitar da amon gargaɗi idan gudunsu bai wuce kilomita 20 a awa ba. A ƙasar da ƙarar babura cikin dare ta zama faɗakarwa ga mai barci, ba sai an yi dogon bayanin wannan maslaha ba.

A Nijeriya an harhaɗa Hyundai Kona ta lantarki a Legas a 2020, a 2021 kuma, lokacin Jelani Aliyu yana shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa, aka buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, kuma janye tallafin mai a Mayun 2023 ya sa masu Keke Napep a birane suka fara lissafin batir. Abare kuwa, da sauran tafiya kafin motar ta iso ta, sai an sami wuta da hanya da aminci. Abin da ya riga ya iso shi ne batirin dalma na mota da na sola, saboda haka muna roƙon masu unguwanni da limamai su hana fasa mataccen batir ko narka dalmarsa a cikin gida, inda yara suke rarrafe.