Damtse a Cikin Sulke: Tarihin Zuri'ar Armstrong ta Bakin Iyakar Sukotland

Mai karatu, bari in fara kwatanta maka wani tambari. Hannu ne guda ɗaya, tun daga kafaɗa, a lanƙwashe, yana sanye da sulke. An kewaye shi da ɗamarar fata mai kan ƙarfe, a jikin ɗamarar kuma akwai kalmomi biyu da harshen Latin, Invictus maneo, wato "ina nan daram, ba a ci ni da yaƙi ba". Wannan shi ne tambarin zuri'ar Armstrong ta ƙasar Sukotland, sunan da ke nufin mai ƙarfin damtse. Abin da ya sa na kawo labarinsu a shirin wannan mako shi ne, masu wannan kirari an ci su, mummunan ci ma kuwa, har yau sama da shekara 400 ba su da shugaba. Kuma abin da ya ɗaga su shi ne ya kayar da su, wato shanu da iyaka, abubuwa biyu da ka fi ni sani.

Sukotland tana arewa, Ingila tana kudu, a tsibiri guda. Yau ƙasa ɗaya suke, amma a da kowace da sarkinta, kuma tun daga ƙarshen ƙarni na 13 suka shafe kusan shekara 300 ba sa ga maciji. Iyakar da ke tsakaninsu ba ta da wani tsawo, kilomita 154 ce kacal, yawancinta tuddai ne masu ciyawa da fadamu masu laka. Noma bai cika yi ba a can, kuma ko ka shuka, rundunar wannan sarki ko ta wancan za ta zo ta ƙone kafin girbi. Saboda haka dukiyar mutum ita ce wadda za ta iya tafiya da ƙafarta. Idan ɗumi ya shigo sai su hau tudu da dabbobinsu su kafa bukkoki, idan sanyi ya gabato su sauko kwari.

Sunan Armstrong ya fara bayyana a takardu a ƙarni na 13, kuma abin dariyar, a ɓangaren Ingila ne, a yankin Cumberland. Zuwa ƙarni na 14 sun kafu a kwarin Liddesdale na ɓangaren Sukotland, gidan shugabansu yana Mangerton. Su da kansu suna da labarin asali. Wai kakansu, wani mai suna Fairbairn, shi ke riƙe wa sarki makamai. Ana tsakiyar yaƙi aka kashe dokin sarki, sai ya sunkuyo ya ɗaga sarkin da hannu ɗaya ya ɗora shi a kan nasa dokin. Sarki ya ba shi ƙasa a bakin iyaka, ya kuma raɗa masa sunan. Ni dai labarin nan ina ɗaukarsa kamar sauran labaran kakanni da kowace zuri'a take da su, ana jin daɗinsa amma ba a rantsuwa a kai. Amfaninsa shi ne ya nuna maka yadda suke kallon damtsen da ke tambarinsu.

Kada ka ɗauka irin mutanen Sukotland ne da ake nunawa a hoto da siket mai ratsi-ratsi suna busa algaitar salka. Waɗancan mutanen tsaunukan arewa ne. Su Armstrong mahaya ne, da ƙananan dawakai masu sanin hanya a cikin laka, da dogon mashi, da hular ƙarfe, da rigar fata da aka cusa wa gutsattsarin ƙarfe. Sana'arsu kiwo da rana, hari da dare. An fi kai harin daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, lokacin da dare ya yi tsawo, shanu kuma suka yi ƙiba da ƙarfin da za a kora su nesa. Ba su kaɗai ba ne, akwai Elliot da Scott da Kerr a ɓangarensu, akwai Graham da Forster da Charlton a ɗaya ɓangaren, kuma kowa yana ɗibar na kowa. Mai hali yakan gina dogon soron dutse, ƙofa ƙarama, dabbobi a ƙasa, iyali a sama. Marar hali kuwa sai ya biya kuɗin kariya ga wanda yake tsoro. Daga nan Turanci ya samo kalmar blackmail, wadda asalinta baƙin haraji take nufi. Ban ga buƙatar in yi maka dogon bayani a kan irin wannan haraji ba.

Akwai wani yanki da ya kamata ka sani, tsakanin kogin Esk da kogin Sark, tsawonsa kamar mil goma, faɗinsa kamar mil huɗu. Sukotland ba ta yarda na Ingila ba ne, Ingila ba ta yarda na Sukotland ba ne. Tsohuwar al'ada ita ce makiyaya ce ta kowa: daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kowane ɓangare ya kawo dabbobinsa, amma ba a kwana, ba a kafa ko turke. Tsarin ya daɗe yana aiki. A farkon ƙarni na 16 ne Armstrong da Graham suka shiga suka fara gini, wurin ya zama mafakar duk wanda ake nema. Har ta kai hukumomin ƙasashen biyu suka yi shela cewa duk wanda ya ga dama ya je can ya yi sata, ya ƙone, ya kashe, ba mai tambayarsa. A 1552 aka raba yankin biyu, jakadan Faransa ne ya shiga tsakani, aka tara ganuwar ƙasa ta zama shaida. Burbushinta yana nan har yanzu.

To amma fa kada ka zaci babu doka. Akwai, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Tun 1249 ƙasashen biyu suka rubuta dokokin iyaka. An kasa kowane ɓangare gida uku, gabas da tsakiya da yamma, kowane da wakilin sarki mai kula da shi. Idan an kore maka shanu, kana da kwana shida ka bi sawu har cikin ƙasar maƙwabta. Sai dai akwai sharaɗi: za ka tafi da karnuka da ƙaho, ka soke dunƙulen busasshiyar ƙasar ciyawa mai cin wuta a tsinin mashinka, domin kowa ya ga biyan sawu kake ba hari ba, kuma mutumin farko da ka tarar bayan ka tsallaka ka shaida masa abin da ya kawo ka. Wanda ya tare maka hanya ya yi laifi. Sannan akwai ranar sulhu, inda wakilan ɓangarorin biyu suke haɗuwa a bakin iyaka, a karanta ƙorafe-ƙorafe, a yanke diyya. Daga fara taron har fitowar rana ta gobe, ba a taɓa kowa, ko da kuwa ɓarawon da aka fi nema ne.

A takarda tsari ne mai kyau. A aikace, sau da yawa wakilin sarki ɗan uwan ɓarawon ne, ko surukinsa, ko abokin rabonsa. An hana aure tsakanin ɓangarorin biyu ba da izini ba, har da barazanar kisa, amma mutane ba su fasa ba. A 1525 babban limamin cocin Gilasgo, Gavin Dunbar, ya rubuta doguwar tsinuwa a kan maharan, aka karanta a majami'u. Shanu dai ba su daina ɓacewa ba.

Me ya sa sarakuna suka bari? Domin suna da amfani a wurinsu. Idan yaƙi ya tashi, ga ƙwararrun mahaya a ƙofar maƙiyi, ba ka ciyar da su ba, ba ka biya su ba. Ana cewa a wajajen 1528 Armstrong suna iya fitar da mahaya dubu uku. Matsalar ita ce mai mahaya dubu uku ba ya jiran umarnin kowa.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Johnnie Armstrong na Gilnockie, ƙanin shugaban Mangerton. A 1530 Sarki James na Biyar, yana ɗan shekara 18, ya sauko kudu da babbar runduna. Ingila tana ta kai masa ƙara, shi kuma yana so ya nuna ya kama mulki. Johnnie ya zo ya same shi a Caerlanrig, shi da mutanensa, cikin ado, ana kuma cewa an ba shi tabbacin ba abin da zai same shi. Sarki ya sa aka rataye su a bishiyoyin wurin ba tare da shari'a ba. Ruwayoyi sun saɓa a kan yawansu, an fi cewa talatin da wani abu. Ba zan wanke Johnnie ba, talakawa da yawa sun yi kuka a hannunsa. Amma kiran mutum da amana sannan a rataye shi, wannan mutanen iyaka ba su manta ba, har waƙa suka yi masa. Shekara 12 bayan haka, a 1542, rundunar wannan sarki ta sha kashi a hannun Ingilawa a Solway Moss, a ƙofar gidan Armstrong, kuma ana cewa mutanen yankin ba su ɗaga masa yatsa ba. Makonni kaɗan bayan nan ya rasu.

Na biyun shi ne William Armstrong, wanda ake kira Kinmont Willie. A watan Maris na 1596 yana komawa gida daga taron sulhu, sai mutanen wakilin Ingila suka bi shi suka kama, suka kai shi kurkukun ganuwar Carlisle. Rana ba ta fito ba tukuna, wato an karya doka. Walter Scott na Buccleuch, mai kula da Liddesdale, ya rubuta takardu yana neman a sake shi, aka yi biris da shi. A daren 13 ga Afrilu, cikin ruwan sama, ya tsallaka da mahaya kimanin 80, suka shiga ta ƙaramar ƙofa suka fito da mutumin. Da hannun 'yan Graham na ɓangaren Ingila a ciki, kuma ba mamaki, matar Willie 'yar gidansu ce. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta fusata ƙwarai. Ka riƙe sunan Buccleuch, zai dawo.

A 1603 Elizabeth ta rasu ba ta bar ɗa ba, sarautar Ingila ta faɗa hannun James na Shida na Sukotland, jikan wancan da ya rataye Johnnie. Sarki ɗaya, ƙasashe biyu. Iyakar da ake buƙatar mahaya su tsare ta zama tsakiyar mulkinsa, har ya hana a kira ta iyaka, ya ce gundumomin tsakiya ne. Ya kafa kwamiti a 1605, aka shiga rataye mutane da gaggawa, aka rushe soraye, aka cire ƙofofin ƙarfe, aka hana talaka riƙe makami ko doki mai tsada. An kwashi 'yan Graham da yawa zuwa Ailan. Shugaban Armstrong na ƙarshe, Archibald na Mangerton, an rataye shi a wajajen 1610. Ƙasashensu suka koma hannun gidan Buccleuch, wanda jiya-jiya yake fasa kurkuku dominsu, yau kuma ya zama na hannun daman sarki wajen share su. Da yawa suka ƙaura zuwa arewacin Ailan, musamman Fermanagh, jikokinsu kuma suka wuce Amurka.

Yanzu mu koma ga tambarin. A Sukotland tambari dukiya ce, kuma akwai kotu a Edinbara da aikinta ke nan, alƙalinta ana kiransa Lord Lyon. Tun 1672 ake rubuta kowane tambari a rajista. Cikakken tambari yana da garkuwa mai zane, da kwalkwali a samanta, da wata alama a kan kwalkwalin, da kirari. Kuma na mutum ɗaya ne, ba na dangi ba, daga uba zuwa magaji. Kamar dai shaidar da kake yi wa shanunka: don kun haɗa kaka da mutum ba zai ɗauki taka ya buga wa nasa ba. Wanda ya yi amfani da tambarin wani a can ana iya gurfanar da shi. Don haka masu sayar wa baƙi allon ado suna cewa "ga tambarin gidanku" ciniki kawai suke yi.

Abin da aka yarda ɗan dangi ya saka shi ne alamar kan kwalkwalin shugabansa kaɗai, a cikin ɗamarar nan mai kan ƙarfe. Ɗamarar tana cewa ne, "wannan ba nawa ba ne, ni mabiyi ne". Shugaba shi ba ya sa ɗamara, zobe ne ya kewaye tasa, da gashin gaggafa uku a sama. Ka ga inda abin yake ga Armstrong. Dubban mutane a Sukotland da Ailan da Amurka suna maƙala damtsen nan a hula, alamar biyayya ga shugaba, alhali babu wanda kotu ta amince ya saka gashin gaggafa ukun.

Soron Gilnockie yana nan a tsaye kusa da Canonbie, an gyara shi, masu sunan suna zuwa ziyara. A 1972 Neil Armstrong, Ba'amurken da ya fara taka duniyar wata a 1969, ya ziyarci garin Langholm da ke wannan yanki, suka karrama shi da zama ɗan gari. An ruwaito cewa a wurin bikin, don raha, wani alƙalin garin ya karanto masa tsohuwar dokar da ba a taɓa sokewa ba, wadda ta ce duk Armstrong ɗin da aka gani a garin a rataye shi.