Yadda Gurnanin Jita Ya Samo Asali

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Katagum a Azare ranar hawan Sallah ya san cewa kunnen Bahaushe ba ya neman sauti mai santsi kaɗai. Kakaki da algaita suna da kaushin murya, kuma a nan kwarjininsu yake. Maƙeran kayan kiɗanmu da gangan suke gitta tsirkiya a fatar ganga, ko su rataya 'yan ƙarafa a wuyan garaya don sautin ya riƙa zuza. Saboda haka gurnanin da jita mai lantarki ke yi ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da yake hanyar da ya biyo daban ce.

Tushen labarin wani ƙwan gilashi ne da ake kira bawul, irin wanda ke cikin tsofaffin akwatunan rediyo, waɗanda sai sun ɗau zafi kafin su yi magana. John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1904, sannan Lee de Forest ya inganta shi a Amurka a 1906, har aka iya ƙara ƙarfin sauti da shi. Da jita mai lantarki ta fito a farkon shekarun 1930, da wannan ƙwai aka gina na'urar da ke ɗaga muryarta. Burin injiniyoyi shi ne sauti ya fita tas. Amma idan makaɗi ya ƙure na'urar, sai ƙwan ya kai iyakarsa, ya danne ƙololuwar sautin a hankali, muryar ta yi kauri da ɗumi, ta kuma daɗe ba ta mutu ba. Injiniyoyi sun ɗauki wannan a matsayin aibi, makaɗa kuwa suka so shi.

Tsautsayi ma ya taimaka. A 1951, a birnin Memphis, an ɗauki waƙar "Rocket 88" da na'urar makaɗin jita Willie Kizart wadda lasifikarta ta lalace. A Nashville kuma, wani layi da ya samu matsala a teburin ɗaukar sauti ya jirkita kiɗan Grady Martin a waƙar Marty Robbins da ta fito a 1961. Injiniya Glenn Snoddy ya nemi hanyar maimaita wannan sauti, kuma daga aikinsa ne kamfanin Gibson ya fitar da Maestro Fuzz-Tone a 1962, ƙaramin akwati da makaɗi ke takawa da ƙafa, wanda ake kira feda. Kasuwarsa ta buɗe sosai a 1965 bayan ƙungiyar Rolling Stones ta yi amfani da shi.

Sai dai sautin wannan feda yana da tsini, bai yi kama da taushin bawul ba. Shi kuwa bawul ba ya ba da gurnaninsa sai an ƙure ƙara har maƙwabta su koka. Wannan giɓi ne kamfanonin Japan suka cike: Boss ya fitar da OD-1 a 1977, Ibanez ya biyo da Tube Screamer a 1979. Abin lura shi ne babu ƙwan gilashi ko ɗaya a cikinsu, ƙananan kayan lantarki ne ke kwaikwayon halinsa. A Amurka ne B. K. Butler ya shahara da Tube Driver, fedar da ke ɗauke da bawul na gaske, samfurin 12AX7.

A yankinmu, Buzaye ne suka fi ɗaukar wannan sauti suka mai da shi nasu. Ƙungiyar Tinariwen ta tashi a tsakanin matasan da ke gudun hijira a Aljeriya da Libiya, kaset-kaset ɗinta suka bazu a Sahara hannu da hannu. Daga Agadas aka sami Bombino. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa a Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, cikin salon waƙoƙin Hausa na lokacin. Daga baya jitarsa mai gurnani ta kai shi manyan dandalin Turai da Amurka. A Yamai, ƙungiyar Tal National tana haɗa jita da waƙar Hausa da Zabarmanci.

A Azare da Zaki da Gamawa, kamar sauran arewacin Najeriya, fiyano da kwamfuta ne suka mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa tun bunƙasar finafinan Kano. Duk da haka, matashin da ya ji makaɗan Nijar a waya ya yi sha'awar jita zai amfana da sanin wannan tarihi kafin ya kashe kuɗinsa. Feda mai bawul na gaske tana cin wuta, galibi ba ta zama a kan ƙaramin batir mai bolt 9, tana buƙatar cajarta ta musamman. Wadda aka ƙera don Amurka tana jiran bolt 120 ne, alhali tamu 230 ce, kuma wutar janareta mai hawa da sauka tana iya yi mata illa. Gilashi ba ya son jijjigar babur, ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallai. Sunan bawul a jikin kwali ba shaida ba ce cewa yana ciki.

Don haka kada a saya sai an gwada da jitar da na'urar da za a riƙa aiki da su. A taɓa tsirkiya a hankali, sannan a buga da ƙarfi: feda ta ƙwarai tana bin hannun makaɗi, ta yi laushi in ya sassauta, ta yi gurnani in ya matsa. A kuma tambayi mai gyaran rediyo na gari ko zai iya samo kayanta. Wadda ta cika waɗannan sharuɗɗa ita ce ta saye, ko da bawul a cikinta ko babu.