Doksorubisin: Maganin kansa da illolinsa

Doksorubisin, wanda aka fi sani a asibitoci da sunan Adriamycin, yana cikin magungunan da likitoci suka fi dogara da su wajen yaƙi da cutar kansa. Ana amfani da shi wajen maganin sankarar mama, da sankarar jini, da ta ƙashi, da ta mafitsara, da kuma wasu nau'o'in kansa na yara.

Sai dai kuma magani ne mai ƙarfi, wanda ke wahalar da jiki. Yawancin illolinsa kan wuce bayan an gama magani, amma akwai biyu da za su iya kai wa ga asarar rai idan aka yi sakaci da su.

Asalin maganin

Masu bincike na kamfanin Farmitalia da ke Italiya ne suka samar da shi a ƙarshen shekarun 1960, daga wata ƙwayar halitta da aka samo cikin ƙasa a kudancin Italiya. A shekarar 1974 hukumomin Amurka suka amince da a yi amfani da shi, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ruwa ne ja wur, ana kuma ba da shi ta jijiya, galibi sau ɗaya a kowane mako uku. Aikinsa shi ne hana ƙwayoyin kansa rarrabuwa da yaɗuwa. Matsalar ita ce ba ya bambance su da lafiyayyun ƙwayoyin jiki masu saurin girma, irin na ɓargo da tushen gashi da fatar cikin baki. Daga nan ne yawancin illolin suke tasowa.

Illolin da kan wuce

Abu na farko da majiyyaci zai lura da shi shi ne fitsarinsa ya koma ja na kwana ɗaya ko biyu. Wannan launin maganin ne, ba jini ba ne.

Tashin zuciya da amai kan biyo baya cikin sa'o'i, shi ya sa ake ba da maganin hana amai tun kafin a fara allurar. Akwai kuma gyambon baki, da kasala, da rashin son abinci. Wasu mutanen farcensu da fatarsu kan ƙara duhu.

Gashi kan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan allurar farko, kuma sau da yawa yakan zube gaba ɗaya. Yakan sake tsirowa cikin watanni bayan kammala magani.

Idan maganin ya tsiyaye daga jijiya ya shiga nama, yana iya cin wurin ya bar mummunan rauni. Don haka duk wanda ya ji zafi ko raɗaɗi a inda aka soka allurar, ya kamata ya sanar da ma'aikacin jinya nan take.

Haɗarin zazzaɓi

Doksorubisin yana rage yawan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke kare jiki daga cututtuka. Sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 10 zuwa 14 bayan allura, sa'annan su farfaɗo wajen kwana na 21.

A wannan tsakani, ƙaramar cuta na iya bazuwa cikin jini a cikin sa'o'i kaɗan. Likitoci na ɗaukar zafin jiki da ya kai digiri 38 a ma'aunin Selsiyus a matsayin lamarin gaggawa.

Wannan gargaɗi ya fi muhimmanci a ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda aka saba ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro, a je kemis a sayi magani. Ga mai karɓar wannan allura, asibiti ya kamata ya nufa ko da tsakar dare ne, domin a gwada jininsa.

Illa ga zuciya

Illar da ta fi damun likitoci ita ce wadda maganin ke yi wa tsokar zuciya. Ɓarnar taruwa take yi da kowace allura, kuma tana iya ɓuya har sai bayan watanni ko shekaru.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2003 ya nuna cewa kimanin kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka karɓi jimillar miligiram 400 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki sun gamu da gazawar zuciya. Adadin ya kai kashi 26 cikin ɗari a miligiram 550.

Saboda haka ne aka ƙayyade yawan abin da mutum zai iya karɓa a tsawon rayuwarsa, galibi tsakanin miligiram 450 zuwa 550 a wannan ma'auni. Wanda ya sauya asibiti dole ne ya tafi da takardun da ke nuna adadin da aka riga aka ba shi.

Haɗarin ya fi yawa ga ƙananan yara, da tsofaffi, da masu hawan jini, da waɗanda aka yi wa gashi a ƙirji. Akan ɗauki hoton zuciya kafin a fara magani. Alamomin da za a kula da su sun haɗa da haki, da kumburin ƙafa, da bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba. Akwai wani magani mai suna deksrazoksen da akan haɗa wa wasu majiyyata domin kare zuciya.

Haihuwa da hanta

Maganin na iya cutar da ɗan tayi, musamman a watanni ukun farko na ciki, kuma ba a shayarwa a lokacin da ake karɓarsa. Yana iya tsayar da jinin al'ada ko rage ƙarfin haihuwa ga maza da mata, don haka ana shawartar ma'aurata su tattauna da likita tun da wuri. A wasu 'yan tsirarun mutane, yakan haddasa sankarar jini bayan shekaru.

Hanta ce ke fitar da shi daga jiki, shi ya sa akan rage adadinsa ga mai ciwon shawara. Yana kuma iya tayar da cutar hanta nau'in B da ta kwanta, cutar da ta yawaita a Afirka ta Yamma, don haka akan yi gwajinta tukuna. Wajibi ne kuma majiyyaci ya faɗa wa likita duk wani maganin gargajiya da yake sha.

Likitoci na gargaɗin cewa daina karɓar allurar a tsakiya saboda wahala na bai wa cutar damar dawowa. Idan illolin suka yi tsanani, likita na iya rage adadin maganin, ko ɗaga ranar allura, ko kuma sauya shi da wani.